Shafin Maina a Littafin Awo

Ni ne Ɗanjimma tela, rumfata na Kasuwar Dole.
Kekena ya girmi ƴaƴana,
littafin awona ya girmi keken.
Shafi na sha tara na Maina Ari ne,
ɗan gidan nan mai zaure uku a Birni.

Ranar farko yana shekara bakwai,
wani tsohon baran gidansu ya riƙo hannunsa.
Kakin lakwal ake so, wando da taguwa.
Na ɗora igiyar awo a wuyansa,
baran ya ce a hankali, tela,
wannan wuya kakansa ne ya ba shi.
Ƙugu taki biyu da yatsa uku. Na rubuta.

Ya tafi karatu bayan teku, ya dawo da tabarau,
ya ce kwat yake so, babbar riga nauyi ce,
sarauta tsohuwar rijiya ce da ta ƙafe.
Ya hau dutse a bayan Garin Malam da yamma
yana nuna wa samari unguwanni:
can fanfo, can fanfo, can ma fanfo.
Na gaskata shi. Ban ɓoye ba.

Da kamfe ta zo sai ga shi da shadda ƙwarya biyu.
Ashe ƙuri'ar Mirriya ba ta san kwat ba,
sunan kakan ta sani.
Kwana tara ina yi masa aska takwas,
fitila na cin idona.
Ya zama depite, damina biyu ya zama minista,
aka danƙa masa ruwa, mu ƴan Damagaram muka yi guɗa
kamar an danƙa wa mai ƙishi tulu.

Daga Yamai awo ya koma ta waya.
Ƙara taki ɗaya, in ji direbansa.
Baɗi, ƙara wani.
Jarka a hannun ƴan garuwa ita ma tana ƙara taki,
dala biyar, dala goma, dala talatin.
Gambo matata takan fita kafin kiran assalatu
ta aje bokiti a layi, ta dawo da rana tsaka
wani lokaci da rabi, wani lokaci da faɗa.

Kada in ci haƙƙinsa:
rijiyar Kara-Kara shi ya haƙa,
har yau tana bayarwa,
ko da yake yara sun ɓamɓare allon sunansa
sun yi murfin akurki.

Wata asuba rediyo ta yi kiɗan soja.
Wata tara yana kaso.
Uwargidansa ta aiko riguna cikin buhu da dare,
a rage, tela, kada kowa ya ji.
Na rage taki biyu, na ninke sauran a ciki,
don na san irin gidan:
icen da ya yi saiwa a Birni
sara ɗaya ba ya kashe shi.

Haka kuwa. Ya fito, ya sake jam'iyya,
na warware ninkin, na sake launin zare.
Wannan karo ma'aikatar wasiƙu aka ba shi,
ba wanda ya yi guɗa, ba wanda ya zage shi.

Jiya ya zo da ƙafa, sanda a hannu,
aska takwas ɗin nan a kafaɗa, ta ci a gwiwar hannu.
Ko za ta faci? Na ce za ta.
Ban tuna masa jika sha biyu na kamfe ba,
suna nan a ƙasan shafinsa da jan biro.

Ya ce ƙishi. Na ɗebo masa a randa.
Ya sha, ya riƙe moɗar yana kallon gindinta,
ya ce yanzu nawa ake sayar da jarka?
Na faɗa masa.
Ya ce sake faɗi, kunnena ya yi nauyi.